Bayan An Aurar Da 'Ya'ya, Sai Ku Biyu

A Jega da Aliero da Maiyama, gidajen da aka yi aure shekara 20 ko 25 da suka wuce sun fara yin tsit. Babbar 'ya tana ɗakin mijinta, yaro yana jami'ar da aka buɗe a Aliero a 2006, Alhaji kuma ya bi motar albasa zuwa Legas ko Anaca, sai bayan makonni. Hajiya ta rage da waya a hannu. In Alhaji ya kira, ta wuni da fara'a. Bai kira ba, tuwo ma ba ya shiga.

Hajiya, ɗaukar nauyin farin cikinki duka ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ko da mijin kirki ne. Ki samar wa zuciyarki wasu wuraren hutawa. Koma Islamiyyar matan aure, ki ɗora daga inda haihuwa ta tsayar da ke. Ki riƙe sana'a taki ta kanki, ko turara shinkafa, ko ƙuli-ƙuli, ko kiwon tumaki biyu, ki shiga adashi da matan da kika yarda da amanarsu. Ribar ba kuɗin kaɗai ba ne. Matar da ta wuni da abin yi, idan maigida ya dawo tana da labarin ba shi, ba ƙorafi kawai ba. Amma aminiya ɗaya mai riƙe sirri ta ishe ki, kada ki kai zancen ɗakinki gidan biki.

Akwai abin da kunya ke hana mu faɗa. Tsakanin shekara 45 da 55 jinin al'ada kan ɗauke, ya zo da jin zafi a jiki, rashin barci da saurin fushi. Ba sammu ba ne, ba kuma ƙiyayya ba ce. Ku je asibiti tare.

Kai kuma Alhaji, kuɗin cefane bai sauke maka haƙƙin hira ba. Idan ka kira daga hanya, kada ka tsaya ga "lafiya lau, yara fa?" Tambaye ta sana'arta, da abin da malama ta koyar. Kana gari, ka rage zaman majalisa bayan isha'i, ka shigo da wuri. In kana shirin ƙarin aure, ta fara ji daga bakinka, tun kafin a kai goro.