Ɗora Labari Kan Wanda Ya Riga Ya Ƙare: Misalin Tolkien

Idan muna nazarin ƙagaggen labari a aji, mukan ɗauka cewa marubuci ya san ƙarshen labarinsa tun kafin ya ɗora alƙalami a takarda. Ba kullum haka abin yake ba. Wannan muƙala za ta dubi abin da ke samun zubi da tsari da kuma taurari idan aka nemi marubucin labaran al'ajabi ya ci gaba da labarin da shi a ransa ya riga ya rufe.

J.R.R. Tolkien malami ne a Jami'ar Oksfod da ke Ingila, masanin tsohon Ingilishi. A watan Satumba na 1937 kamfanin George Allen & Unwin ya buga masa The Hobbit, labarin wani ɗan guntun taliki mai suna Bilbo da ya bi ayarin wadanni neman dukiya. Kafin shekarar ta ƙare bugu na farko, kwafi 1,500, ya ƙare a kasuwa. Sai mawallafin, Stanley Unwin, ya ce a kawo ci gaba. Tolkien ya miƙa masa tsofaffin hikayoyinsa waɗanda daga baya suka zama The Silmarillion, aka ce ba su ake so ba. Dole ya fara sabon labari a watan Disamba na 1937, alhali ya riga ya mayar da Bilbo gida cikin wadata, ba abin da zai sake fitar da shi.

Dabararsa ta farko ita ce sauya babban tauraro, ya ɗauko ɗan'uwan Bilbo, wanda a rubutun farko ya kira Bingo kafin ya koma Frodo. Ta biyu ta fi muhimmanci ga ɗalibi, wato ya koma cikin tsohon littafin yana laluben wani ƙaramin abu da zai iya ɗaukar nauyin sabon jigo. Ya tsinci zobe. A The Hobbit, zoben nan layar zana ce kawai, mai shi ya sa ya ɓace. A sabon littafin kuwa sai ya zama zoben mulki mai cinye zuciyar duk wanda ya riƙe shi.

A nan gizo ke saƙar. A bugun 1937, Gollum da kansa ya yi alkawarin bai wa Bilbo zoben kyauta idan ya ci shi a gasar kacici-kacici, da ya neme shi ya rasa har haƙuri ya ba shi, ya nuna masa hanyar fita. To, ta yaya wanda zobe ya mallake zai yi kyauta da shi? Tolkien ya sake rubuta babi na biyar, kuma a bugu na biyu na 1951 Gollum ya koma mai ƙiyayya, yana kiran Bilbo ɓarawo. Bai tsaya nan ba, domin akwai masu karatu da ke riƙe da tsohon bugu. Sai ya bayyana a cikin sabon littafin cewa labarin farko ƙarya ce Bilbo ya shirga wa abokan tafiyarsa don ya halatta wa kansa zoben, kuma ƙaryar ce ta sa Gandalf ya soma zargin zoben. A ganina wannan ita ce gwanintar, domin ɓarakar da ke cikin zubi ta zama hujjar da ke ƙarfafa jigo.

Aikin ya ci shi kusan shekara 12, sannan The Lord of the Rings ya fito juzu'i uku tsakanin 1954 da 1955. Sai dai salon littattafan biyu bai taɓa daidaita ba, na farko da muryar mai ba yara tatsuniya, na biyu da muryar marubucin tarihi. A 1960 ya gwada sake rubuta The Hobbit ya dace da ƙanensa, ya watsar tun bai yi nisa ba.

Ɗalibin da ke nazarin littattafanmu na zamani masu fitowa kashi na ɗaya, na biyu, na uku, zai iya gwada wannan ma'auni. Ya duba ko matsalar da ke jan kashi na biyu tana da iri a kashi na ɗaya, ko kuwa daga sama aka jefo ta don kasuwa ta buƙata.