Sharuɗɗan kare kundin digirin dokta a tsarin LMD

A tsarin LMD da jami'o'in Nijar ke bi, digirin dokta shekara 3 ne bayan masta. Ɗalibi yana sabunta rajista kowace shekara. Ba kowane malami ke jagorantar kundi ba, sai wanda ya kai babban matsayi irin wanda hukumar CAMES ke tantancewa.

Babban shinge yana gab da ranar kare kundi: sai masu nazari, har da na wata jami'a, sun rubuta rahoton amincewa. In sun ƙi, kundi ya koma gyara. Ɗalibin kimiyyar harshe kuwa ya shirya amsa kan bayanan da ya tattaro: muryar wa aka naɗa, a wane gari, da wane karin harshe, kuma da yardar mai ita?