Sallama Kafin Hoto

'Ya'yana da jikokina, samari da 'yan matan Sukukutane da na sauran garuruwan Arewa, na gida da waɗanda ke wurin cin rani, Allah ya yi muku albarka. Ku ba ni aron kunnuwanku, zan yi magana a kan abin nan da ba ya rabuwa da tafin hannunku, wato salula, da hotunan da kuke ɗauka da ita.

A ƙasan akwatina akwai hoton mahaifina guda ɗaya tak, Allah ya jiƙansa. Baƙi da fari ne, faɗinsa bai fi yatsu biyu ba, an ɗauke shi a Dogon Dutsi don katin shaida. Ya ɗaure fuska a ciki, alhali duk wanda ya zauna da shi ya san mutum ne mai fara'a. Gara ma ta ci gefe guda. Na mahaifiyata kuwa babu ko ɗaya. Idan jikata ta ce, "Kaka, ni da wa na yi kama?" nakan ce mata, "Da Inna kika yi kama, amaryata, har wushiryar." Sai ta tsaya tana jiran in nuna mata, ni kuwa ba ni da abin nunawa. Don haka kada ku zaci na zo ne in raba ku da hoto. Abin da muka rasa ne Allah ya ba ku.

A zamaninmu na'urar hoto tana hannun baƙi. Su ne ke zuwa su ɗauki sarakunanmu da kasuwanninmu su tafi da su. Ko tarihinmu na Arawa da masu bincike suke yawan komawa gare shi, wani Bafaranshe ne, Marc-Henri Piault, ya zauna cikinmu ya rubuta, littafin ya fito a 1970. Yau ga na'urar a aljihun ɗan Sukukutane. Nasihata guda ce, sauran duk rassanta ne: mai ɗaukar hoto baƙo ne. Baƙo ne a wurin dabbar da ya tarar a daji, baƙo ne a garin da ya sauka, kuma da zarar ya ɗaga salula, ya zama baƙo ko a tsakar gidan ubansa. Baƙon kirki yakan yi sallama, ya zauna inda aka shimfiɗa masa, in ya tashi kuma ba ya fita da asirin gida. A Suratun Nur Allah ya hore mu da neman izini da yin sallama kafin shiga gidan da ba namu ba, Manzon Allah (SAW) kuma ya koyar da cewa sau uku ake nema, in ba a ba ka ba ka koma. Idon salula ma shiga yake yi, sai a koya masa wannan ladabi.

Mu fara da dabbobi. Wanda ya bi babbar hanya daga Dogon Dutsi, ya wuce Doso ya nufi Yamai, saura kamar kilomita 60 ya isa zai ratsa yankin Kure. Can ne raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma suka rage. A 1996 ba su wuce 50 ba, farauta da fari da saran daji sun kusa ƙarar da su. Hukuma ta hana kashe su, manoman yankin suka daure da ɓarnar da sukan yi musu a gonakin wake, Allah ya sa albarka har suka haura 600. A 2018 aka ɗebi 8 aka kai su gandun dajin Gadabeji a jihar Maradi, don kada iri ya taru wuri guda. Kun san da me ake ƙirga su? Da hoto. Zanen jikin kowane raƙumin dawa nasa ne shi kaɗai, kamar zanen yatsan mutum. Masu ƙidaya sukan ɗauki kowanne ta dama da ta hagu, su adana a kundi, baɗi in sun sake gamuwa su gane shi. Kun ga aikin da kuke yi don nishaɗi, da shi wasu suke tsare halittar Allah.

In Allah ya kai ku can, ku fara tambayar hukuma halin da hanya take ciki, domin tun harin ranar 9 ga Agusta 2020, da aka kashe mutum 8 a yankin, shiga dajin ba kamar dā ba ne. In an ba da dama, ku bi ɗan jagora, inda ya ce a tsaya ku tsaya. Kada ku kora su da babur don su yi gudu hoto ya yi kyau. Kada ku shiga tsakanin uwa da ɗanta, wata 15 take ɗauke da cikinsa, harbin ƙafarta kuwa ko zaki yana shakkarsa.

Amma ba sai kun je Kure ba. A nan gida akwai shamuwa mai kawo bisharar damina, da belbela a bayan shanu, da bushiya, da hawainiya, da raƙumi mai jan guga. Wani jikana ya so ya ɗauki shamuwar da ta yi sheƙa a itacen ƙofar gidanmu. Ran farko ya tunkare ta tsaye, ta tashi. Na ce masa, "Abokina, ba ka yi mata sallama ba." Ya ce, "Kaka, yaya ake yi wa tsuntsu sallama?" Na ce da zama. Kashegari bayan asuba ya jingina da bango, rana tana fitowa ta bayansa, ya goge idon salular da bakin rigarsa, ya manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ya yi tsit. Sai a safiya ta uku ta sauko da ƙirare a baki, hasken hantsi ya kwanta a farin cikinta da baƙin fiffikenta. Ya ɗauke ta, ya tura wa kawunsa da ke Kwatano. Bai rubuta komai ba, amma kawun ya bugo ya ce yana nan tafe kafin shuka.

Wannan haƙurin nake so ku koya, domin na ga akasinsa. Na ga yara sun ɗaure damo da igiya suna ja, na ga an kwaso 'ya'yan tsuntsu daga sheƙa an jera a tafin hannu, duk don a samu abin turawa. An ruwaito cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta, ta zo tana shawagi, Manzon Allah (SAW) ya sa aka mayar mata da su. Hoton da aka samu ta hanyar cutar da dabba ba abin alfahari ba ne. Maciji kuwa, ko kububuwa ce ko kasa ko gamsheƙa, ku ba shi hanya. Tsakanin gona da likita akwai tafiya, babu kuma hoton da ya kai ƙafar mutum daraja. In garke ne ya burge ku, ku gaida makiyayin ku tambaye shi. A wannan zamani na satar shanu, nuna wa duniya yawan dabbobin mutum da inda suke kwana zai iya jawo masa asarar da ba za ku iya biya ba.

Sai tafiya. An ce tafiya mabuɗin ilmi, ku kuwa matafiya ne: Kamba, Argungu, Sakkwato, Legas, Kwatano, Abijan, wasunku har Libiya. Ku ɗauko mana abin da zai sa tsohon da bai je ba ya ce gani ya kori ji: kogi, gada, irin noman mutanen can, ɗakin da kuke kwana, da tukunyar da kuke ci. Abin da nake roƙonku shi ne gaskiya. Yaro yana kwana a tasha, sai ya jingina da motar wani ya ɗauki hoto ya turo gida. Ƙanensa ya gani ya ajiye kalme da hauya, ko ya bar lakwal, ya bi hanya da tunanin kuɗi a titi ake tsinta. Ƙaryar hoto ta fi ta baki saurin shiga zuciya, saboda mutum ya yarda da idonsa.

Ku san kuma inda ake mayar da salula aljihu. Shingen jandarma, barikin soja da ayarin motocinsu ba wuraren hoto ba ne, balle a halin tsaron da ƙasa take ciki. In kun tarar da haɗarin mota, hannunku na taimako ake bukata. Babu uwar da ta cancanci ta fara jin mutuwar ɗanta ta hanyar hoton gawarsa a WhatsApp. In kun ziyarci Lugu, a ƙaramar hukumar Ɗan Kasari, garin da Sarauniya Mangu ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, ku tuna wurin yana da masu shi, yana da ƙa'idodinsa. Ko mene ne ra'ayinku a kan al'adun can, ku gaida dattawa, abin da suka ce a ɗauka ku ɗauka, abin da suka ce a bari ku bari.

Yanzu mu shigo gida, inda maganar ta fi nauyi. Babu ranar da ta kai ta Sallar Layya cika ido a ƙasarmu. An fede raguna, an shimfiɗa kowanne a kan itace biyu a gicciye, an jera su kewaye da wuta, samari suna gyara gungume, kitse yana ɗiga, hayaƙi ya lulluɓe unguwa har yamma, sai kashegari a sauke a yi rabo. A cikin gida mata suna suyar kayan ciki, 'yan mata da lalle, yara da sababbin kaya suna yawon barka da Sallah. Sallar bara na ga jikata ta tsaya a bakin murhu ta ce wa kakarta, "Kaka, in ɗauka?" Tsohuwar ta ce, "Dakata in gyara ɗankwali, kishiya." Ta gyara, ta koma kan suyarta. Abin da ya fito shi ne hannunta mai jijiyoyi riƙe da ludayi, da tururi, da rabin murmushi. A duk hotunan ranar babu wanda ya kai shi, kuma tambayar nan guda ce ta samar da shi, domin wanda aka nemi yardarsa yakan saki fuska.

Ku kwatanta da abin da ya faru a wani biki cikin danginmu. Wata ƙawa ta ɗauki amarya a ɗakin lalle, ba mayafi, ta tura wa ƙawaye uku. Kafin a ɗaura aure hoton ya kai hannun samarin da ke Libiya. Ƙawar ba ta yi da mugun nufi ba, amma sai da dattawa suka zauna sau biyu kafin zukata su kwanta. Magana zarar bunu ce, hoto kuwa ya fi ta, don in ya fita babu mai iya kiransa ya dawo. Saboda haka kafin yatsa ya taɓa wurin turawa, ku tambayi kanku: da mai hoton yana tsaye a kaina, zan tura? Matar aure a cikin aikinta, yaro ba sutura, majinyaci a kwance, mabukacin da aka miƙa wa nama, duk waɗannan amana ne. Sadakar da aka yi wa hoto takan bar wa mai karɓa kunya.

Kada kuma salula ta cinye muku ranar. A filin idi ku saurari huɗuba. In kun je gaida kawu ko gwaggo, ku durƙusa da hannu biyu, a gama gaisuwa, a sa muku albarka, sannan ku nemi hoto.

Abu na ƙarshe shi ne adanawa. A Bamako an yi wani mai hoto, Malick Sidibé. Aikinsa yawon bukukuwa da wasannin samari da 'yan mata, yana ɗaukar talakawa irinmu. Amma yakan jera hotunan kowane taro wuri guda, ya rubuta sunan taron da ranarsa, ya adana. Bayan shekaru, waɗannan hotunan suka zama madubin da Mali take ganin ƙuruciyarta, har aka ba shi babbar lambar girmamawa a birnin Venis na Italiya a 2007. A Yamai ma Philippe Koudjina ya bar mana fuskar birnin ta shekarun 1960 da 1970. Ku kuwa hotunanku dubbai ne, amma a cikin abu guda da zai iya faɗawa rijiya ko a zare shi a tasha. Wani ɗana ya rasa hotunan sunan ɗansa na fari ta haka, har yau in an tuna yakan yi shiru. Ku riƙa tura masu muhimmanci ga ɗan'uwa amintacce ya ajiye muku. Bayan kowace Sallah ku zaɓi biyar ko goma, in kun shiga Dogon Dutsi ku ba mai hoto ya wanke muku a takarda. A bayan kowanne ku rubuta sunan mutum, da na mahaifinsa, da gari, da shekara, ko da boko ko da ajami. Ku sa a leda cikin akwatin ƙarfe, nesa da gara da laima. Hoton da babu suna a bayansa, in tsofaffi suka kau, fuskar baƙo ce kawai.

Ga aikin da na ba kowannenku kafin Sallah mai zuwa. Ku je wurin wanda ya fi kowa tsufa a gidanku. Ku yi sallama, ku zauna ƙasa, ku bari a gama gaisuwa. Ku tambaye shi sunan iyayensa da inda aka haife shi, ku bar shi ya yi hira har fuskarsa ta sake, sannan ku ce, "Kaka, in ɗauka?" Domin wata rana jikarku za ta tambaye ku da wa ta yi kama, ina so ku buɗe akwati ku nuna mata.

Allah ya tsare hanyoyinku, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu. Allah ya yi muku albarka.