Kafin Ka Kwance Kwamfutarka, Ɗana

Ɗana, na ji labarin kwamfutar tebur ɗinka ta fara nauyin jiki, kuma ka ɗan tara kuɗi kana son sauya mata furosesa da madabod. Allah ya sa wa abin da ka tara albarka. Amma kafin ka nufi Titin Beirut ko ka aika wa wani kuɗi a Ikeja, ina so ka san abin da ke cikin akwatin nan naka tukuna. Yawancin kuɗin da samari ke asara a wannan harka, a kan rashin wannan sanin suke tafiya.

Fara da gano wurin da ciwon yake. Kunna na'urar, ka buɗe aikin da ka saba yi, sannan ka danna Ctrl da Shift da Esc a tare. Shafin da zai fito yana nuna nauyin da kowane sashe ke ɗauke da shi. In ka ga faifan ajiya ne ya cika ɗari bisa ɗari alhali furosesa na hutawa, kuma faifan naka tsohon mai juyawa ne, to SSD kake bukata. In ram ɗinka giga 4 ne, ka kai shi 8 ko 16. Waɗannan biyun sun fi araha nesa ba kusa ba, kuma ga mai buga takardu da shiga intanet da aikin makaranta, sau da yawa nan maganar ke ƙarewa. Sai in furosesa ce da kanta ke cika ta tsaya a cike, kamar lokacin haɗa bidiyo ko zane mai nauyi, sannan maganar sauya ta ta taso.

In ta taso, sauke CPU-Z, manhaja ce ta kyauta. Za ta gaya maka sunan furosesarka, da lambar madabod, da irin ram ɗin da ke kai. Rubuta su a takarda. Abin da ya fi komai muhimmanci a ciki shi ne soket, wato mazaunin da furosesa ke hawa, domin kowace furosesa da nata, kamar ƙafa da takalmi. Da lambar madabod a hannunka, je shafin kamfanin da ya ƙera shi, ka nemi jerin furosesoshin da yake ɗauka. Wannan jerin ya fi maganar kowane mai shago nauyi, ko da kuwa mutumin kirki ne.

In Allah ya sa soket ɗinka AM4 ne na kamfanin AMD, ka yi sa'a. Tun 2016 aka fito da shi, Ryzen na farko ya hau shi a 2017, kuma kamfanin ya yi shekaru yana fitar da sababbin furosesoshi a kan wannan mazauni ɗaya. Mai Ryzen 3 1200 a kan bod na B350 ko B450, har ma da A320 da dama, zai iya ɗora Ryzen 5 5600 da aka fitar a 2022, mai ƙwayoyin aiki 6, ba tare da ya taɓa bod ko ram ba. Bambancin saurin ba ƙarami ba ne. Sharaɗi ɗaya ne: sai an sabunta BIOS, ƙaramar manhajar da ke zaune a cikin bod ɗin, kuma ana yin haka ne tsohuwar furosesa na nan a kai. In ka cire ta ka ɗora sabuwa tukuna, allon zai tsaya baƙi, ka yi ta zaton an sayar maka da matacciya. Ka kiyaye min wannan sosai: kada ka sabunta BIOS a kan wutar NEPA kaɗai. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar aikin, bod zai iya ƙin tashi gaba ɗaya. Nemi UPS mai batir mai rai, ko ka je inda ake da inbata. Aikin minti kaɗan ne, amma ba a ganganci da shi.

Lamarin Intel daban ne, don sun saba sauya soket kusan duk bayan tsara biyu. LGA1155 na tsara ta 2 da ta 3 ne, LGA1150 na ta 4, LGA1200 na ta 10 da ta 11, LGA1700 kuma ya ɗauki ta 12 zuwa ta 14. Wanda ya fi cin kuɗin mutane shi ne LGA1151. Tsara ta 6 da ta 7 na hawa shi, ta 8 da ta 9 ma sunan soket ɗinsu ke nan, har furosesar za ta zauna daram a ciki, amma ta 8 ba ta aiki a bod ɗin ta 6. Na farkon suna son bod mai lamba 100 ko 200, irin H110 da B250, na bayan kuma mai lamba 300, irin H310 da B360.

Akwai kuma maganar Windows. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a ƙa'ida yana neman Intel tsara ta 8 zuwa sama, ko Ryzen daga 2000 zuwa sama. Don haka in naka i3 ne na tsara ta 3 ko ta 4, kuma ka samu i5 na hannu da kuɗi kaɗan, saka shi ka lallaɓa. Amma zuba kuɗi masu kauri a kan tsohon i7 saboda sunan ya yi maka daɗi, wannan ban goyi bayansa ba. Sabon i3-12100 ya fi i7 na tsara ta 4 sauri.

To in ya tabbata sai an sauya bod, ka sani sau da yawa ba abu biyu za ka saya ba, uku ne, har da ram. DDR3 ba ya shiga ramin DDR4, DDR4 ba ya shiga na DDR5, tsagin da ke ƙasan kowanne a wuri daban yake. Sabon soket na AM5 da ya fito a 2022 DDR5 kaɗai yake karɓa, shi ya sa mai ƙaramin aljihu gara ya tsaya taki ɗaya a baya: Ryzen 5 5600 da bod na B450 ko B550, ko kuwa i3-12100 ko i5-12400 da bod na H610 ko B660. Bododin LGA1700 iri biyu ne, akwai na DDR4 akwai na DDR5, sai ka karanta kwalin da kyau. Sannan ka lura da harafin da ke ƙarshen suna. Intel mai F, kamar 12400F, ba ya fitar da hoto sai da katin hoto na daban. Ryzen 5 3600 da 5600 ma haka suke, 5600G ne mai hoto a jikinsa. In ba ka da kati, arahar mai F ba araha ba ce gare ka.

Duba akwatin ma. Kwamfutocin ofis na gwanjo da suka cika kasuwanninmu, irin Dell OptiPlex da na HP, injuna ne masu juriya, sai dai da yawansu bod ɗinsu da filogin wutarsu ba na gama-gari ba ne. Bod ɗin kasuwa yana son filogi mai haƙora 24, su kuwa wasunsu 6 ko 8 ne. Irin waɗannan, ka sauya furosesa da ram da faifai, ka tsaya nan. In kana son sabon bod, saka kuɗin akwati da fawa-fak a lissafinka. Kuma fawa-fak ba wurin rage kuɗi ba ne, musamman da irin wutarmu mai hawa da sauka. Mara kyau in ya tashi mutuwa, yakan tafi da bod.

Game da na hannu, ra'ayina shi ne furosesa ba ta cika lalacewa ba, don haka sayen ta hannu ba laifi. Bod kuwa shi ke shan zafi da ƙura da tartsatsin wuta, in da hali saye shi sabo. Duk wanda za ka saya, kai shi haske ka duba haƙoran. Na AM4 a jikin furosesa suke, na Intel a cikin soket ɗin bod, kuma guda ɗaya in ya lanƙwashe yana iya kashe ramin ram ko ya hana tashi. A kunna a gabanka, ka ga sunan da idonka a allo, a gwada kowane ramin ram da ramukan USB. Ku yi magana a fili kan kwanakin da za ka iya dawo da shi, a rubuta a rasit. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan.

Ranar haɗawa, kwashe muhimman fayilolinka zuwa wani wuri, ka ɗaure lasisin Windows ɗinka da asusun Microsoft, don lasisin yana gane bod ne, in aka sauya yakan nemi a sake tabbatar da shi. Zare filogi daga bango. Taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa wani abu, balle da hunturu, lokacin da jiki ke tara tartsatsi. A kusurwar furosesa akwai ɗan alwatika, a soket ma akwai, ka daidaita su ka sauke ta a hankali. Ita ke zama da kanta, in ka ji tana neman ƙarfi to ba daidai take ba. Goge tsohon man sanyaya tas, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, ka tabbata ka ɓare ledar da ke ƙasan sabuwar fanka, sannan ka ɗaure kusoshinta kaɗan-kaɗan, kusurwa da kishiyarta.

In ta tashi, shiga BIOS ka duba zafinta, ka kuma ba ta aiki mai nauyi da rana tsaka, don zafin Afrilu a Kano ko Sakkwato kan wuce digiri 40, kuma fankar da ta wadatar a Turai tana iya gazawa a ɗakinka. Tsohuwar furosesa da bod da ram kuwa, ajiye su mako guda ko biyu har ka ga sabon ya zauna lafiya, sannan ka sayar da su a haɗe, sun fi saurin samun mai saye a haka.