Kafin a yanke wa turbo hukunci

Da zarar mota 'yar Kwatano mai turbo ta fara cinye baƙin mai, tana kuma shan fetur fiye da kima, maganar gareji ɗaya ce: turbo ya mutu, a sayo wani. Sau da yawa gaggawa ce kawai. Turbo na juyawa fiye da sau 150,000 a minti, kuma abin da ke tare mai a cikinsa ƙananan zobban ƙarfe ne, waɗanda ba sa riƙewa sai man yana samun hanyar gangarawa ya koma cikin inji. Idan bututun komawar ya toshe da dauɗa, ko bawul ɗin numfashin inji na PCV ya lalace har iska ta taru a ciki, ko matatar iska ta cushe da ƙurar hunturu, lafiyayyen turbo ma zai yi yoyo. In aka ɗaura sabo ba a gyara waɗannan ba, shi ma ba zai daɗe ba.

Don haka a fara da awo. A tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, a kashe ta minti goma, a cika baƙin mai zuwa alamar sama, a cika tanki, a rubuta kilomita. Bayan kilomita 1,000 a duba abin da ya ragu. Littafin motocin Volkswagen ya ce inji na iya cin har rabin lita a wannan tazarar, ko da yake mai biyan kuɗin ba zai ga hakan a matsayin lafiya ba. A shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana. In babu ɗigo, ƙona man take yi. Shuɗin hayaƙi da safe wanda ke ɓacewa nan da nan ya fi nuna robobin bawul, wanda kuma ke fita in an taka mota sosai ya fi karkata ga ringi ko turbo, kuma gwajin kwamfureshan zai taimaka wajen raba gardama. Audi A4 mai injin 2.0 TFSI na 2009 zuwa 2011 ta yi ƙaurin suna wajen cin mai, kuma ringin fistin ne musabbabin. A irin waɗannan injinan, in murfin zuba mai ya ƙi buɗuwa sai da ƙarfi alhali inji na aiki, ga kuma ƙara kamar fito, PCV ne ya yage, gyaran da bai kai kusa da kuɗin turbo ba.

Shan fetur ɗin ma yawanci daga nan yake. Man da ke ƙonewa yana ɓata fulogi da sensar salansa, sai kwamfutar motar ta riƙa lissafi da bayanin ƙarya. Tiyon da ya tsage tsakanin turbo da inji kuwa yana zubar da iskar da aka riga aka auna, kwamfuta ta ba da fetur ɗin iskar da ba ta iso ba. Ƙari a kan haka, bakanikai da dama suna cire tamostat wai don zafin ƙasarmu, inji ya yi ta aiki a sanyaye yana neman ƙarin fetur. Tun da aka janye tallafin fetur a Mayun 2023, wannan ɗabi'a ta zama mai tsada.

Bakanike zai ce ai ga mai nan a tiyon turbo, ido ya gani. Ɗan maiƙo a wurin ba laifi ba ne, tururin PCV ne ke barinsa. Abin dubawa shi ne man da ya kwanta har yana zuba, ko sandar turbo mai motsi gaba da baya, ko fukafukan da suka goge jikin gidansu. Wani kuma zai ce a zuba mai kauri, 20W-50, a huta. Hayaƙin na iya raguwa, amma mai kauri yana jinkirin isa turbo da safe, lokacin da ya fi buƙatarsa. A tsaya kan lambar da littafin motar ya rubuta, a saya inda aka tabbata ba jabu ba ne.