Kafin Ka Ɗora Guduma a Kan Tsohon Silin

Jama'ar unguwar Yakite da kewayen Kilomita Biyar: Ni lauya ne, kuma yawancin shari'un da nake riƙewa na ma'aikata ne da aiki ya nakasa. A cikinsu babu mai wuyar sha'ani kamar ta asbestos, wanda takardun Faransanci ke kira amiante.

Ma'adini ne mai zare-zare da wuta ba ta ci, shi ya sa aka daɗe ana kwaɓa shi da siminti a yi kwanon rufi mai ruwan toka, da silin, da bututun ruwa, ana kuma sa shi a birki da kulocin mota. Idan ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Amma da an fasa ko an yanka da zarto, zarensa zai bi ƙura ya shige huhu, kuma ba ya fita. Sai bayan shekara 20, 30, har 40 numfashi ya fara sarƙewa, ko ruwa ya taru a ƙirji, ko cutar kansa ta kama tantanin da ke lulluɓe da huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum 200,000 ke mutuwa duk shekara saboda shaƙarsa a wurin aiki.

Tun bayan rikicin 2013 da 2014 ake ta kwashe ɓaraguzai ana sake gini a unguwanninmu, samari na farfasa tsofaffin allunan siminti da guduma, ƙananan yara na wasa a gefe. Kanikawa kuma na hure ƙurar birki da baki.

Wani dattijo magini ya taɓa zuwa wurina, ɗansa na riƙe da shi. Ya yi wa wani kamfanin gine-gine aiki yana saurayi, yankan kwano ne aikinsa. Ya sha maganin tarin tibi wata da watanni ba sauƙi, kafin wani likita ya tambaye shi sana'arsa ta da. Na ce, "Baba, akwai takardar albashi, ko katin hukumar inshorar ma'aikata, CNSS?" Ya ce duk sun ƙone tare da gidan. Abokan aikinsa wasu sun rasu, wasu sun yi hijira Chadi da Kamaru. Kamfanin ma ya daɗe da rufewa. Allah ya yi masa rasuwa ba mu kai gaban alƙali ba.

Ba cewa nake ba a cin irin wannan shari'a. Lauya Richard Meeran ya tsaya wa mutanen Afirka ta Kudu kusan 7,500 a kan kamfanin Cape, kotun ƙolin Ingila ta yarda a 2000 a saurari ƙarar a can, aka biya su fam miliyan 7.5 a 2003. Kuɗin bai taka kara ya karya ba idan aka raba, da yawansu kuma sun mutu suna jira. Faransa ta haramta asbestos a 1997, daga baya ta kafa asusun biyan diyya, FIVA. A Italiya kuwa, an yanke wa tsohon mai kamfanin asbestos na Eternit ɗaurin shekara 16 a 2012, sai kotun ƙoli ta soke hukuncin a 2014, wai lokacin shigar da ƙara ya wuce. Inda ake da asibitoci da ma'ajiyar takardu ke nan, balle mu.

Saboda haka duk tsohon kwanon siminti ko silin, ku ɗauka yana da asbestos. A jiƙa shi da ruwa, a kwance shi ɗungurungum, kada a fasa, kada a share ƙurarsa da busasshiyar tsintsiya. Rawani ko takunkumin yadi ba ya tare zaren nan, sai irin na FFP3. Kayan aiki kada su shiga wankin gida, don an samu matan da suka kamu ta wajen kakkaɓe rigunan mazajensu. Wanda ya taɓa wannan aiki ya rabu da taba, don haɗuwar taba da asbestos na ninka haɗarin kansar huhu, kuma ya faɗa wa likita sana'arsa tun kafin a tambaye shi.

Duk mai yi wa wani kamfani aiki, ya nemi a yi masa rajista a CNSS. Ya ɗauki hoton kwantiraginsa da takardun albashinsa a waya, ya rubuta shekara da wurin aiki da sunayen abokan aiki, ya tura wa ɗan'uwa a wani gari ya ajiye masa.