Ɗigar Baƙin Mai da Raunin Wuta a Tsohon Babur

Manomin da ya tashi daga Dogon Dawa ko Kuyello zuwa kasuwar Birnin Gwari, mafi yawan tafiyarsa a kan hanyar burji yake yin ta, ƙura da rani, taɓo da damina. Yankin yana maƙwabtaka da dajin Kamuku, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 1999, kuma tsakanin wani ƙauye da wani akwai tazarar da babu bakanike ko ɗaya. Babur ɗin da ya mutu a irin wannan wuri da almuru ya jefa mai shi cikin haɗari. Abin lura shi ne, yawancin abin da ke tsayar da tsohon babur ƙaramin lahani ne, kuma sau da yawa inda alamarsa ta bayyana ba nan tushensa yake ba.

A ɗauki misalin Honda CG125, wadda aka fara ƙerawa a tsakiyar shekarun 1970, wadda kuma babura da dama na ƙasar Sin suka kwaikwayi injinta. Baƙin man da ke cikinta bai wuce kimanin lita 1 ba. Saboda haka ɗigar da mai mota zai yi wa riƙon sakainar kashi, a babur tana iya ƙone inji cikin 'yan makonni.

Mai ruwa-ruwa ne, yana gangarowa ƙasa, iskar gudu kuma tana tura shi baya. Don haka ɗigon da aka gani a ƙarƙashin inji wataƙila daga murfin kan inji ya faro. Hanyar ganewa ita ce a wanke injin da kananzir, a bari ya bushe, a barbaɗa masa garin alli ko toka, sa'an nan a tayar da shi na minti goma. Wuri mafi tudu da allin ya jiƙe, nan ne ƙofar ɗigar. Wuraren da aka fi samu su ne wosha ta notin zubar da mai, da gasket na murfin kan inji, da robar da ke kewaye da sandar giya ko ta kik. A kula, man da aka shafa wa sarƙa yakan fantsamu ya yi kama da ɗiga.

Akwai sanadin da ake yawan mantawa da shi. Duk lokacin da fistin ya sauko, yana matse iskar da ke ƙarƙashinsa, watau kimanin santimita 125 na murabba'in cika a wannan inji, sau dubbai a kowane minti. Idan ringi ya ci, hayaƙi ma yakan tsallake ya shiga can. An yi wa injin ɗan bututun roba domin wannan iska ta fita. In taɓo ya toshe bututun, ko zanzaro ya yi gini a ciki lokacin da babur ke jingine, matsin iskar sai ya nemi mafita ta kowace roba, ya turo mai waje. Mai babur yana iya sauya gasket sau uku ɗiga ba ta daina ba, alhali tsinke ɗaya ya isa ya buɗe bututun. Cika mai fiye da layin ma'auni shi ma haka yake jawowa. Ƙara ɗaure noti da ƙarfi kuwa ɓarna ce, domin jikin injin alminiyam ne mai taushi, zarensa na saurin cinyewa.

Ta fannin wuta, ka'idar da ɗalibai suka koya a aji ita ce ke aiki: lantarki ba ya gudana sai da'irarsa ta cika. A babur, waya ɗaya ce ke kai wuta ga fitila ko hon, hanyar komawa kuma ta bi ta ƙarfen jikin babur. Ke nan kowane noti da ya haɗa waya da ƙarfe ɓangare ne na da'irar.

Dokar da Georg Ohm na Jamus ya wallafa a 1827 ta nuna illar tsatsa a wannan mahaɗa. Ƙwan fitila mai wat 35 a kan bolt 12 yana jan kusan amfiya 3, watau turjiyarsa kusan om 4 ce. Idan tsatsa ta ƙara om 1 kacal, jimla ta zama om 5, wutar da ke gudana ta sauka zuwa amfiya 2.4, fitilar kuma ta sami bolt 9.6 kurum. Haskenta ya koma ja, hon ya shaƙe, mai babur ya zargi batir ya sayi sabo a banza. Kwance notin, da goge ƙarfen da sanfefa har ya yi ƙyalli, da shafa ɗan giris, shi ne maganin.

Mai na'urar auna wuta zai iya raba gardama. Lafiyayyen batir mai bolt 12 yana nuna kimanin 12.6 in inji na kashe, ya haura zuwa tsakanin 13.5 da 14.5 in an ba shi wuta. In bai haura ba, laifin na hanyar caji ne. Fiyus da ya ƙone yana nufin wata waya ta saɓule ta taɓa ƙarfe, galibi a wuyan babur inda wayoyi ke lanƙwasa duk sa'ad da aka juya kan. Ɗaure gurbinsa da wayar tagulla ko takardar sigari yana mayar da dukkan wayoyin babur su zama fiyus, ga tankin fetur a bisansu.

Wani lokaci matsalolin biyu abu guda ne. A tsofaffin babura masu kontak, in robar da ke bayan maganeto ta gaji, mai yakan tsattsafo ya shafe bakin kontak, tartsatsin fulogi ya yi rauni, inji ya riƙa yankewa in ya yi zafi. Wanda ya buɗe murfin maganeto ya ga danshin mai, robar zai sauya kafin ya taɓa kwayil. A duba fulogi kuma: tazarar bakinsa ta kasance milimita 0.6 zuwa 0.7, launinsa ruwan ƙasa. In ya fito baƙi da maiƙo, mai yana shiga ɗakin ƙonewa, sai a binciki ringi.